Tambayi Goggo: Wace rigar sanyi zan saya kafin in tafi?

Fiye da rabin wasiƙun wannan wata maganar sanyi ce. Ba mamaki, lokacin tashin ɗalibai ya gabato, ga kuma masu bin mazajensu. Na ɗauko guda huɗu da nake ganin amsarsu za ta ishi sauran. Na rage tsawon gaisuwa saboda ƙarancin fili, amma duk ina amsawa.

Assalamu alaikum Goggo. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Manchesta, zan tashi ƙarshen Satumba in Allah ya yarda. Kuɗin makaranta da na biza sun cinye duk abin da muka tara, har gonar mahaifina ta Kumo ta shiga ciki. Wani ɗan gwanjo a babbar kasuwa ya nuna mini wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya, ya ce irinta ake sawa a Landan, kuma ya tsuga mata kuɗi. In saya, ko in bari sai na je?
*Usman, Jekadafari, Gombe*

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa a gama lafiya, ya ba ka ikon sayo wa Baba gonar da ta fi waccan. Kwat ɗin nan kuwa, ka bar wa mai ita abarsa.

A Manchesta na yi aikin jinya kafin in dawo gida Bauchi, don haka sanyinta a jikina na san shi. Da an ce sanyin Turai, mutanenmu dusar ƙanƙara har gwiwa suke hangowa. Manchesta ba haka take ba. A watan Janairu ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 6 ko 7 da rana, da dare ya sauko kusa da 1 ko 2, wani lokaci ya faɗa ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙara jefi-jefi take sauka, galibi kuma ba ta daɗewa take narkewa. Abin da zai addabe ka shi ne ruwa da iska. Hunturunmu busasshe ne, ɗarinsa na asuba ne, kafin hantsi rana ta fito ta gasa maka baya. Nasu jiƙaƙƙe ne, yayyafi ba sallama ba ban kwana, kuma a Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, in ma ta leƙo ke nan. Kwat mai kauri da gashi wadda ba ta hana ruwa shiga, da ta jiƙe ta zame maka kaya, ta kwana ta wuni a ɗakinka ba ta bushe ba.

Ga kuma maganar akwati. Yawancin jiragen da za ka hau kilo 23 suke yarda da shi a kowane akwati. Kwat irin wannan ita kaɗai za ta cinye kusan rabin fili, filin da ya kamata kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji su shiga, waɗanda a can za ka saye su da tsada in ma ka samu. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa kada ka ko ɗauka, dokar Ingila ta hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama da abin da aka yi da madara. Za a ƙwace a filin jirgi, a bar ka da haushi.

To, me ke maganin sanyi? Ba kaurin riga ba ne. Jikinka shi ke samar da ɗumi, aikin tufafi kawai su tsare iskar da ta ɗumama kada ta gudu. Ka san bambancin ɗaki mai kwano zalla da mai silin: iskar da ke kwance tsakanin kwano da silin ita ke hana zafi da sanyi su sauko maka. Haka riga uku marasa nauyi, ɗaya kan ɗaya, suka fi guda ɗaya mai nauyin buhu. Ta farko mai manne wa fata, aikinta ta janye gumi. Ta biyu suwaita, ita ke riƙe ɗumi. Ta uku ta waje, ta tare iska da ruwa. Amfanin haka za ka gan shi tun makon farko: ka fito tashar bas iska na kaɗa ka, ka shiga aji an kunna hita har kana gumi. Mai riga uku sai ya cire biyu ya rataye. Mai ƙatuwar kwat a kan shat, ko ya zauna yana dahuwa, ko ya cire ya hau rawar ɗari.

A rigar farkon nan ne namu suke kuskure. Mun saba da auduga saboda ƙasarmu ta zafi ce, singileti auduga, shadda auduga. A can auduga a jikin fata abokiyar gaba ce: tana shan gumi ta riƙe, da iska ta buga sai ka ji kamar an watsa maka ruwa a baya. Ka nemi kayan ciki na ɗumi, riga mai dogon hannu da wando mai manne wa ƙafa, waɗanda suke kira tamal. Na foliyesta sun fi arha, na ulun merino sun fi daɗi kuma ba sa saurin wari, sai dai tsada. Waɗannan sababbi za ka saya, kuma a can: Primark suna sayar da su da 'yan fam kaɗan, Uniqlo suna da nasu mai suna Heattech da ya ɗan ɗara a kuɗi. Saiti biyu sun isa, ka sa ɗaya ka wanke ɗaya.

Abin da za ka saya a Gombe shi ne na tsakiya, wato suwaita, kuma yanzu ne lokacinsa. Muddin hunturu bai shigo ba, kayan sanyi jibge suke a ƙasan tebur ba mai taya su. Da Nuwamba ta kama kuɗinsu zai tashi. Ka yi abota da ɗan gwanjo guda, ka tambaye shi ranar da zai fasa dila, ka je da sassafe kafin masu ɗiba su tsince na kirki. In ka ɗauki suwaita, kada ka tsaya kallon launi. Juya ta ciki waje, ka bi ɗinkin gefe har ƙasa, za ka ga 'yar farar takarda da aka rubuta abin da aka saƙa ta da shi. In ulu ya kai rabi ko ya fi, ka riƙe ta. Sannan ka ɗaga ta sama ka sa ta tsakaninka da rana. Duk ramin da asu ya ci, haske zai tona shi. Ka duba hammata da gwiwar hannu, nan ne take fara mutuwa. Ka ja bakin hannun ka saki, in ya koma yadda yake da sauran rai, in ya tsaya a sake an gama cin moriyarta. Guda biyu na ulu, da ɗaya mai laushin nan mai zif da ake kira filis, sun wadatar. Ka ƙara da hular sanyi mai rufe kunne, da jaket marar nauyi mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa. Gwajinta ba wuya: ka ɗiga ruwan leda a hannun rigar. In ya dunƙule ya gangare, madalla. In ya baje ya yi duhu, ajiye ta. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa, don gyaran zif a Ingila zai iya fin kuɗin rigar. Ka kai gida a wanke su tas a shanya a rana kafin su shiga akwati.

Da waɗannan za ka sauka, kuma za su riƙe ka har ƙarshen Oktoba. Cikin waɗannan makonni ka nemi kwat ta gaskiya da idonka, bayan ka ga abin da mutanen garin suke sawa.

Inda za ka nufa shi ne shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam da British Heart Foundation da Cancer Research UK, waɗanda kusan kowane babban titi akwai su. Mutane ke kai musu kayansu kyauta, su kuma su sayar su yi aikin taimako da kuɗin. Kwat mai kyau takan samu tsakanin fam 10 da 25. Sirrin shi ne ka hau bas ka je unguwar masu hali, kamar Didsbury, don kayan da mai kuɗi ya gaji da su sun fi sabon kayan wani shagon. Kuma kada wani ya sa maka kunya. Likitocin da na yi aiki da su a can suke sayayya, har su zo suna alfahari da arhar da suka samu. Ban da haka ma, wani kaso na gwanjon da muke rububi a kasuwannin Wunti da Muda Lawal na Bauchi daga irin waɗannan wurare yake fitowa: abin da ya yi musu yawa ko bai sayu ba shi ake ɗaurewa dila-dila a turo Afirka. Kai ka je bakin rijiya, me zai sa ka sayi ruwan garwa?

Akwai manhajar Vinted a waya, inda mutane ke sayar da kayan da suka sa. Ka auna faɗin ƙirjinka da tsawon hannunka kafin ka taya, don ba a gwadawa. In kuma sabo kake so, Decathlon da Mountain Warehouse suna da masu sauƙi, kuma ana karya farashi a Black Friday, ƙarshen Nuwamba, da kuma 26 ga Disamba. Ka riƙa tambaya ko akwai rangwamen ɗalibai, shaguna da yawa suna yi in ka nuna katin makaranta. Ka kuma leƙa masallaci da ƙungiyar ɗaliban Nijeriya. Masu gama karatu a lokacin suke haɗa kayan komawa, kuma ba wanda zai ɗauko kwat ya kawo Gombe.

Wurin da ba na so ka yi maƙo shi ne takalmi. Takalmin fatar nan mai santsin ƙasa da kake zuwa ɗaurin aure da shi, a kan titin da ƙanƙara ta kwanta zai kayar da kai, kuma a asibiti na ga karayar wuyan hannu da yawa ta wannan hanya. Ka sayi mai rufe idon sawu, ƙasansa roba mai zurfin zane, wanda ruwa ba ya shiga. Ka je gwaji sanye da safa mai kauri, ka ɗauki wanda yatsunka ke motsi a ciki. Takalmi matsattse yana hana jini gudu, ƙafa ta ƙara sanyi. In ƙafarka a bushe take, rabin wahalar ta ƙare.

Kaftani biyu da babbar riga ɗaya, tafi da su. Da tamal a ƙasa za ka sa su Juma'a da Sallah, ba wanda zai sani.

Goggo, barka da aiki. Maigidana ma'aikacin jinya ne a Gilasgo, an ba mu biza zan bi shi da yara biyu, mai shekara huɗu da mai wata bakwai. Ni ban taɓa fita da wando ba, atamfa da abaya da dogon hijabi na sani. Wata ta ce mini in na je dole in ajiye su, in ba haka ba sanyi zai kwantar da ni. Hankalina ya tashi.
*Maman Hanifa, Fadaman Mada, Bauchi*

Kwantar da hankalinki, 'yata. Wadda ta faɗa miki haka ba ta zaga Gilasgo ba. Mata masu hijabi da abaya suna nan birjik, 'yan Pakistan da Somaliya da Sudan da namu, kuma ba su mutu ba. Shigarmu ma ta fi dacewa da sanyi, tunda abaya tana ɓoye duk abin da aka jera a ƙarƙashinta. Ki karanta amsar da na ba Usman a kan riga uku, da ke ma nake. Tamal na sama da na ƙasa, suwaita, abaya, sannan doguwar kwat da ta wuce gwiwa. Wandon yana ciki, ba mai ganinsa sai ke. Sai dai ki sani Gilasgo ta fi Manchesta arewa, ruwanta ya fi yawa, yininta na hunturu ya fi gajarta.

Gyara biyu za ki yi, kuma a nan Bauchi za ki yi su, don kuɗin tela a can sai ya sa ki kuka. Na farko, duk abayar da ke jan ƙasa a rage mata tsawo ta tsaya a idon sawu. Titi kullum a jiƙe yake, bakin abaya zai sha ruwa ya riƙa marin ƙafarki har ki dawo gida, ga haɗarin taka ta a matakalar bas kina riƙe da yaro. Na biyu, ki sa a ɗinka miki hijabai matsakaita da yadi mai ɗan kauri mai miƙewa, waɗanda za su shige cikin kwat. Dogon hijabi har ƙasa a kan kwat, iska cika shi take yi ta ja ki, ruwa kuma ya jiƙa shi. Ki ajiye shi na salla. Gyale mai shara-shara ba ya tare komai. In za ki yafa shi, ki sa 'yar hula mai ɗumi a ƙasa. Atamfa da leshi ki ɗauki na biki da suna kawai, kala uku ko huɗu. Safa kuwa dogaye har gwiwa, na ulu.

Yara kada ki saya musu sabon abu mai tsada, kafin hunturu na gaba sun fi ƙarfinsa. Manyan kantunan abinci irin su Asda da Tesco suna da sashen kayan yara mai arha, a Facebook kuma iyaye na sayar da jaka guda ta kayan yaro da kuɗi kaɗan, wasu ma kyauta. Mai shekara huɗun tana buƙatar kwat mai hula da takalmin roba na ruwa, domin makarantunsu suna fitar da yara wasa ko ana yayyafi. Ki rubuta sunanta a cikin komai. Safar hannu ki sayi masu arha da yawa, ɓata za su yi ta yi.

Yanzu bari in sa hular aikina, saboda jaririn. Mu mun saba da naɗe yaro da hula da bargo kan bargo, muna ganin gata ne. A ɗakin da ke da hita wannan haɗari ne, domin zafi fiye da kima yana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai a barci. Shawarar ma'aikatan lafiya a can ita ce ɗakin barcinsa ya kasance tsakanin digiri 16 da 20, a kwantar da shi rigingine, ba hula a kansa in ana cikin gida. Kada ki auna shi da tafin hannu ko ƙafa, waɗannan kullum da sanyi suke. Ki sa hannu a ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in da gumi ki rage masa kaya. In za ku hau mota, a cire wa yaro kwat mai kumburi kafin a ɗaure shi a kujerarsa, don bel ba ya kama jiki ta kan irin wannan riga. A lulluɓa masa bargo bayan an ɗaure.

Ki tafi da man kaɗe mai yawa, hita busar da fata take yi fiye da hunturu. Ki kuma san cewa hukumar lafiya ta NHS tana ba manya shawarar shan sinadarin bitamin D, maikurogiram 10 a rana, a watannin sanyi, masu duhun fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara, saboda ranar can ba ta isar mu. Adadin na yara ki tambayi ma'aikaciyar lafiyar da za a haɗa ki da ita. In kin shanya wanki a ɗaki, ki ɗan buɗe taga. In ba haka ba danshi zai sa bango ya yi baƙin fumfuna, yara su kama tari, mai gida kuma ya riƙe kuɗin ajiyarku.

Alwala a waje cikin sanyi ita ma tambaya ce da za ta taso. Akwai huffi na fata da ake sayarwa a shagunan kayan Musulunci, kuma babin shafa a kan huffi yana nan cikin Risala. Ki zauna da malaminki ya warware miki sharuɗɗan tun kafin ki tashi.

Hajiya, ina gaisuwa. Yarona zai tafi karatu Winnipeg ta ƙasar Kanada a watan Janairu. Ya ce in tanadar masa sama da dala dubu na rigar sanyi guda ɗaya, wai Canada Goose, wai in ba ita ba mutum mutuwa yake yi. Na yi shekara talatin ina sayar da yadi, ban taɓa jin riga mai wannan kuɗi ba. Gaskiya ne, ko yaron nan wayo yake mini?
*Alhaji Sani, Azare*

Alhaji, ranka ya daɗe. Rabi gaskiya ne, rabi kwalliya. Rigar tana nan, kuɗinta ya kai haka, har ya fi. Sanyin ma gaskiya ne, kuma kada ka haɗa shi da na Ingila. A Winnipeg, digiri 20 ƙasa da sifili abin yau da kullum ne a Janairu, yakan kai 30 ƙasa da sifili, in iska ta haɗu da shi abin ya wuce nan. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa in sanyi da iska suka kai wajen 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne da hanci da yatsu ake fara rasawa. Saboda haka wannan ba wurin da za a ce yaro ya yi maneji da suwaitar gwanjo ba ne.

Amma yawancin mutanen garin ba Canada Goose suke sawa ba. Kai da ka san yadi ka san akwai kuɗin kaya, akwai kuɗin suna. Abin da yake buƙata shi ne doguwar kwat da ta rufe cinya, mai hula, wadda aka cusa wa lallausan gashin agwagwa ko makamancinsa na roba. A jikin masu gashin agwagwa akan rubuta wata lamba da ke nuna yadda gashin ke kumbura ya riƙe iska. Daga 600 zuwa sama ya yi, in dai an cusa shi da yawa. Irin wannan ana samunta a Winners da Mark's da Costco a kan kaso kaɗan na wancan kuɗi, a Value Village da shagunan Salvation Army kuma akwai na hannu. Sa'arsa ma, a Janairu shaguna ke fara karya farashin kayan sanyi. Sai takalmin ƙanƙara mai ɗumi a ciki, da tamal, da abin rufe wuya da hanci, da safar hannu irin mai haɗe yatsu huɗu wuri guda, ta fi mai rarrabe yatsu ɗumi. A ganina rabin abin da ya nema zai yi masa kayan gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, in ya yi cigiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar sauka. Zai baro Azare ya faɗa tsakiyar sanyin kai tsaye, ba irin ɗaliban Satumba da sanyi ke zo musu sannu a hankali ba. Suwaita biyu da hula da safar hannu da safa mai kauri su kasance a jakar hannunsa, ba a akwatin da zai iya makalewa a wani filin jirgi ba. Ya shirya da wanda zai tare shi da aron kwat da mota, washegari a kai shi kasuwa. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa shi ne wurin tambaya in bai san kowa ba. Kuɗin kuma ka tura masa kashi biyu, na biyun bayan ya turo maka hoton rasit. In ya fara aiki ya tara nasa, ya sayi Canada Goose ɗin, ba mai hana shi.

Goggo, ni ba Turai zan je ba. Bautar ƙasa aka tura ni Gembu, kuma an ce sanyin can ba wasa. Alawus ɗin bai taka kara ya karya ba. Me zan saya?
*Bilkisu, Dukku*

Ke kam gwanjo ya ishe ki daga farko har ƙarshe, 'yata. Tsaunin Mambila, inda Gembu take, ya haura mita 1,500 a sama, shi ya sa dare da asuba suke da sanyi kusan duk shekara, damina kuma doguwa ce, ga hazo. Amma ƙanƙara ba ta kwanciya, don haka ba ruwanki da kwat mai gashin agwagwa. Suwaita biyu, jaket mai hana ruwa, safa masu kauri, hular sanyi, takalmin roba na taɓo, da bargo mai nauyi guda. Ki saya a Gombe kafin ki kama hanyar Jalingo, ko in kina da mai zuwa Jos ki ba shi saƙo kasuwar Katako, kayan sanyi sun fi yawa a can tunda su ma garin sanyi ne. Hanyar daga Bali zuwa Serti zafi ne, sai an fara hawan dutse sanyi zai shigo mota, don haka suwaita ɗaya ta kasance a cinyarki, ba cikin kayan da aka ɗaure a but ba.

Gargaɗi ɗaya nake so ki riƙe da hannu biyu. Za ki ga ana shiga da kaskon gawayi ɗaki don jin ɗumi, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Kada ki yi, kada ki kwana a ɗakin da aka yi. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Hayaƙin janareta ma haka yake, ko a baranda aka ajiye shi kusa da taga. In sanyi ya dame ki da dare, ki ɗumama ruwa, ba tafasasshe ba, ki zuba a gora mai murfi mai kyau, ki naɗe ta da tsumma ki sa a ƙarƙashin bargo wajen ƙafafu, ki kwanta da safa da hula. In kuma kika ga abokiyar ɗaki ta tashi da ciwon kai da amai bayan an kwana da wuta, ki fitar da ita waje ta sha iska nan take, ki buɗe ko'ina, a wuce da ita asibiti ko da ta ce ta ji sauƙi.